Baƙar Kwat ɗin Idwal

Stavanger, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Eirlys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida. Yaya gwiwa? Ina fata kina shafa maganin da na bar miki. Mun taso daga Southampton lafiya, teku bai wulaƙanta mu ba, ni ce dai kaina ya ɗaure tun da na shigo jirgin ruwan nan.

Da 'yarmu Delyth ta shirya mana tafiyar, cewa ta yi ba abin da za mu yi ni da babanta Idwal sai ci da barci. Ba ta gaya mana cin ma sai da karatu ba. Kowace safiya sai a sanar da irin kayan da za a sa da yamma. Ranar farko aka ce kaya na sakewa amma masu tsari. Yaya, in na sakewa ne, ina tsari ya shigo? Na sa rigata ta zuwa coci, na tarar da mata cikin wandon jins. Washegari na sa suwaita, na tarar kowa sai ƙyalli yake.

Jiya ne aka yi abin da suke kira daren kwalliya. Maza baƙar kwat da taye, mata doguwar riga, a tsaya a gindin babbar matakala a ɗauki hoto da kyaftin ɗin jirgin. Wanda bai sa ba, sai ya hau bene na sama ya ɗebi abinci da kansa.

Kin san kwat ɗaya tak Idwal ya mallaka, wadda ya ɗauki gawar rabin ƙauyenmu sanye da ita, wadda ya daɗe yana cewa a cikinta za a binne shi. Na saka ta a ƙasan akwati bai sani ba. Da na fito da ita sai ya ce, “Glenys, shan iska kika kawo ni, ko binne ni za ki yi a ruwa?” Lallashin duniya na yi, ya ce atafau ba zai sa ba.

Haka muka sauka, ni cikin sabuwar shuɗiyar rigata, shi cikin suwaitarsa mai ruwan ƙasa. Mutumin da ke tsaron ƙofar ɗakin cin abinci, wani Rodel, ya tare mu da murmushi da ladabi, har sai da muka juya na gane korar mu ya yi. A sama muka ƙare, ina cin soyayyen dankali cikin doguwar riga kusa da wani mai gajeren wando. Wallahi na ji kunya, na kuma ji haushi.

Ki gaida kowa. Ki leƙa mini tumatirina.

Ƙanwarki,
Glenys

Bergen, ranar Juma'a

Yaya Eirlys,

Ina sake gaishe ki. Ina fata ruwan sama ya sassauta muku, don nan tun safe ake tafka shi.

Har yau ban gane dokar mutanen nan ba. Wata Audrey da muke zama teburi ɗaya da ita, wadda ta ce ta shiga jirage har ta daina ƙirgawa, ta zaunar da ni ta yi mini bayani, na tashi na fi da rikicewa. Ashe wani ɗan Sikotlan ya shiga da siket ɗinsu na gargajiya, gwiwoyinsa a waje, aka karɓe shi hannu bibbiyu. Wata tsohuwa 'yar Norway ta shiga da kayan ƙauyensu har da ɗankwali. Farar kwat ma ta halatta, shi ya sa na aiki wani tsohon alƙali ya kawo mini ruwa, na zaci ma'aikaci ne. Amma mijina da ke rufe ruf tun daga wuya har idon sawu, shi ne ba shi da sutura.

Daren kwalliya ɗaya ya rage, ranar Lahadi. Za ki ce hoto ne kawai, me ya sa na ɗaga hankalina. Yaya, ban taɓa ganin kwat ɗin nan a jikin Idwal ba sai ana kuka. Tun aikin da aka yi masa a asibiti, da maganar da likita ta yi mana tana kallon takalminta, duk sanda na buɗe kabad na ga kwat ɗin sai in yi maza in rufe. So nake sau ɗaya in gan shi a cikinta yana dariya, kafin ranar da za a sa masa ita. Wannan ne kaɗai ya kawo ni jirgin nan, ba duwatsun Norway ba.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, Rodel ya ce suna ba da aron kwat, mutum ya je kawai a auna shi. Na ɗauka an gama. Idwal ya ce, “Ba mai zagaya mini igiyar awo, ni ba labule ba ne.” To in camfin kayan jana'iza ne ya hana shi, me na aro ya yi masa? Ga shi sai ya kulle banɗaki yake sa kaya, mutumin da shekara da shekaru yake yawo gabana da singileti. Suwaita biyu yake haɗawa, wai sanyin teku. Na rasa gane ko fushi yake da ni.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Glenys

A hanyar dawowa, ranar Litinin

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wataƙila mu riga wasiƙar nan isowa, amma ba zan iya faɗa miki wannan da baki ba.

Jiya da la'asar na baro wajen shan shayi da wuri, don Audrey ta ishe ni da bayanin takalma. Na buɗe ɗaki na sami Idwal gaban madubi, sanye da kwat ɗin. Yaya, kamar an rataye ta a jikin ƙofa. Kafaɗun sun zubo, wuyan rigar ya yi masa rami, yana riƙe da ƙugun wandon da hannu don kada ya faɗi. Ni da ke dafa masa abinci, ni da ke kwana gefensa, ban san ya rame ya ƙare haka ba.

Ya ce, “To, kin gani. Ba tsoron kwat nake ba, tsohuwa. Suwaita tana rufa asiri, ita wannan ba ta iya ba.”

Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana. Da na fito na ɗauko allura da zare da duk wani fil da ke jakata. Na kama wandon ta baya, na tattare bayan kwat ɗin, na cusa safa a kafaɗun. Yana ta mita wai na mai da shi matashin kujera.

Rodel ya buɗe mana ƙofa ya ce, “Barka da zuwa, ranka ya daɗe,” kamar bai taɓa juya mu ba. Kyaftin bai zo wajen hoto ba, ashe daren farko kaɗai yake fitowa, wannan ma ba wanda ya gaya mini. Ban damu ba. Mai hoto na cewa mu matso, fil ya soki Idwal a baya, ya yi tsalle, muka tuntsire da dariya, a haka aka ɗauke mu. Bai ci abin kirki ba, amma ya zubar da miyar nama a ƙirjin kwat ɗin, ya kuma ja ni rawa har numfashinsa ya ce ya isa.

Da muka dawo ina zare masa fil ɗin, sai ya dubi tabon ya ce, “Glenys, kwat ɗin nan ta lalace. Ta sha miya, ta yi rawa, ba za ta yi aikin da na ajiye ta dominsa ba. Sai ki nemo wata.” Na ce masa ni ba sauri nake ba.

Alfarma biyu nake nema. In kun zo tarbarmu a tashar jirgin ƙasa, ki ce masa ya yi ƙiba. Kuma na san halinki da tsafta, in kin ga kwat ɗin a rataye, kada ki kai ta wanki.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Glenys