Tsohuwar Pijo ta tashi

Garin Tawa, daren Lahadi, watan Mayu 1985

Ta tashi! Shekara uku ina kwance ƙarƙashin Pijon nan kowace Lahadi, yau ta yi ƙara. Ashe famfon esansi ne, wato na fetur. Fatar akuya na yanka na sa madadin robar da ta ruɓe.

Mai ɗakina ta fito da muciya a hannu. Jiya ma cewa ta yi in saida wa maƙera mu sayi hatsi, kuma da gaskiyarta, bana rumbun kowa wayam. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Malam, za ta kai Kalfu? Gero nike son kai wa inna."

Na ce za ta kai. Gobe da asuba sai birki, don ban ko taɓa shi ba tukuna.