Kunnena Na Hagu Da Akwatin Cajin Da Kuka Ce Ya Mutu

Zuwa ga Manajan cibiyar gwajin ji da sayar da na'urar kunne da ke kan Titin Bauchi, Jos.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Malama Hajara, daga Dilimi. Ni ce mai karɓar hadda a ajin matan aure na wata Islamiyya da ke unguwarmu. Ban kama sunan cibiyarku a nan ba, domin ban fito don in tozarta kowa ba. Na rubuto a fili ne saboda duk zuwan da na yi ce mini ake oga ba ya nan, kuma yanzu na gano ba ni kaɗai ke wannan kukan ba.

Jina ya ragu ne bayan wani zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da ni a shekarun baya. Aikina kuwa duk na kunne ne: mace ta zauna a gabana ta karanta, in ji inda ta ja harafi, in ji inda ta haɗiye shi. Da abin ya yi tsanani, 'ya'yana suka haɗa hannu suka saya mini na'ura biyu a wurinku, ta dama da ta hagu, irin wadda ake kwantarwa a ɗan akwatinta ta yi caji. Ranar da aka saka mini su, na ji ƙarar takalmina a kan siminti, sai da na yi hawaye a ofishinku. Ba zan ɓoye wannan alherin ba. Aka ba ni rasit, aka ce na'urorin suna da garantin shekara guda.

Da damina ta kankama, ta hagun ta fara gardama. In na sa su a akwati, 'yar fitilar ta dama sai ta koma kore, ta hagu kuwa sai ta yi ta ƙyafta ja, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Ga abubuwan da suka biyo baya.

Na farko. Kowane zuwa da dalilin da ake ba ni, kuma kowane dalili a gidana yake, ba a shagonku ba. Zuwan farko, yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta ce wutar NEPA ce ba ta da ƙarfi a unguwarmu. Na yarda, don kowa ya san halin wutarmu. Ɗana Kabiru, wanda tela ne, ya ɗauki akwatin zuwa shagonsa inda suke da sola, ya wuni a jone. Ta dama ta cika, ta hagu tana nan a ja. Zuwa na biyu aka ce dattin kunne ne ya toshe 'yan ƙarafan da ke taɓa akwatin. Na goge su da busasshen ƙyalle da ɗan burushin da kuka ba ni, har suka yi ƙyalli. Zuwa na uku aka ce laimar damina ce da sanyin Jos. Na daina sa ta in ana ruwa, ina cire ta kafin alwala, ina ajiye ta a busasshen wuri. Aka ce wayar caji ce, Kabiru ya canja waya, ya canja kan caja, ya canja soket. Aka ce in danne maɓallinta har ta mutu, in sake kunnawa. Na yi har yatsana ya gaji. Abin da na kasa ganewa shi ne, ta dama a gida ɗaya take kwana da ta hagu, wuta ɗaya suke sha, sanyi ɗaya ke dukansu. Me ya sa ita ba ta ji komai ba? Na yi wannan tambayar, aka yi mini murmushi kawai.

Na biyu. A zuwana na ƙarshe, mai gyaranku ya shiga ciki da kayana, bai ko daɗe ba ya fito ya ce akwatin ne ya mutu ta ɓangaren hagu, sai na sayi sabo. Na ce ai akwai garanti. Ya ce garantin na na'ura ne, bai shafi akwati ba. Ya ƙara da cewa in na sayi sabon, sai in bar musu tsohon, don ba shi da sauran amfani. Ban san dalili ba, amma raina bai kwanta da yadda ya riƙe akwatin nan ba. Na miƙa hannu na karɓi abina, na ce zan yi shawara da yara.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. A bencin jira na haɗu da wata dattijuwa, Mama Rifkatu, mai sayar da dankali da kabeji a Tina Junction. Na'urarmu iri ɗaya ce. Ita ta damarta ce ta ƙi caji. An bi da ita ta duk hanyar da aka bi da ni: wuta, datti, sanyi, waya. Bambancinmu, ita ta riga ta sayi sabon akwatin, ta bar muku tsohon, amma na'urar tana nan jiya i yau, yanzu kuma ana ce mata ita ce ta yar da ita a ƙasa. Ta kama hannuna ta ce da irin Hausarta, "Malama, ka zo wurina mu gwada da kanmu. Wannan mutane, ni ban gane masa ba."

Na je. A rumfarta, a tsakanin buhunan dankali, muka jona akwatunan biyu a shagon mai cajin waya da ke gefenta. Muka sa ta haguna a sabon akwatinta: ja. Muka ɗauki ta hagunta, wadda lafiyarta ƙalau, muka sa a gurbin hagu na akwatina, wanda kuka ce ya mutu. Ranka ya daɗe, nan take ya kama, fitila ta yi kore. Muka cire muka sake, don kada mu zalunci kowa. Haka dai. Ni ban san aikin lantarki ba, amma na san abin da idona ya gani: akwatina da ransa, na'urar ce ba lafiya, kuma na'urar ce ke da garanti.

Sannan na juya akwatin da aka sayar mata a matsayin sabo. A leda aka ba ta shi, ba kwali, ba takarda. Murfinsa ya saki, gindinsa ya koɗe kamar abin da ya daɗe a kan tebur. Tun daga nan tambayoyi suka hana ni sakat. Ina kuke kai tsofaffin akwatunan da kuke karɓa? Wanda aka sayar wa Mama Rifkatu, daga hannun wa ya fito? Da na bar nawa, wa za a miƙa wa shi gobe a leda? Kuma me ya sa ake ta juya mu da dalilai, alhali garantin kullum ƙara matsowa ƙarshe yake? Ban ce da saninka ake yi ba. Ban ma ce na kama wani da hannu ba. Zato ne, kuma na san nauyin zato a addinina, shi ya sa nake neman ka fito ka kore mini shi.

Na huɗu. Ina so ka san abin da wannan jan ƙafa ya jawo mini. Kunne ɗaya ba ya isa a ajin da mata da yawa ke bita a lokaci guda. Wata ɗalibata, mai zama ta haguna, ta kawo hadda ta tsallake aya guda cur, ni kuwa na gyaɗa kai na ce ma sha Allah. Wata ce daga baya ta ɗaga murya ta gyara mata. Ba wadda ta yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Shugaban makarantarmu, mutumin kirki, ya kira ni cikin mutunci ya ce in huta har a gyara, wata malama ta riƙe ajin. Matan nan ni na faro da su tun daga baƙi, wasunsu sun girme ni, saukarsu ta kusa, ga ni zaune a gida. Mama Rifkatu kuma, a bakin titi take sana'a. Ta ce kwanaki wani mai keke ya kusa kwashe ta, don ba ta ji hon ɗinsa ta dama ba.

Don haka ga roƙona. A gwada na'urata da akwatina a gabana, a kan tebur, ba a ɗakin ciki ba. In ta tabbata na'urar ce, a gyara ko a canja mini a ƙarƙashin garanti, kuma a lissafa daga ranar da na fara kawo kuka, ba daga ranar da kuka ga dama ba. A dawo wa Mama Rifkatu da tsohon akwatinta, a karɓi wanda aka ba ta, a duba na'urarta ta dama. Ka leƙa ɗakin gyaran nan da kanka, ka ga abin da ke fita daga cikinsa a leda. Sannan ka ja wa ma'aikatanka kunne: in na zo da Kabiru, su daina juya mini baya suna yi masa bayani kamar ba na wurin. Jina ne ya ragu, hankalina yana nan. Su dube ni, su yi magana a hankali, zan gane.

In bincikenka ya nuna na yi kuskure, zan sake rubutawa a fili kamar yadda na yi yanzu, in nemi afuwarku. In kuma shiru ya biyo baya, ni da Mama Rifkatu mun yanke shawarar kai kukanmu ga hukumar da ke kare haƙƙin masu saye, kuma za mu nemi sauran waɗanda suka zauna a bencin nan.

Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya tsare ta daga haram, ya haɗa ka da ma'aikata masu amana. Allah ya bar maka jinka har tsufanka, kada ya nuna maka ranar da jikanka zai kira ka daga bakin ƙofa, ka ci gaba da tafiya ba ka waiwaya ba.

Wassalam.

Malama Hajara,
Dilimi, Jos.