Wayata Ta Faɗa Kanal

Laraba, bayan isha'i, Kura

Ɗazu na sunkuya zan buɗe wa tumatir ruwa, wayata ta faɗa kanal. Ita ake turo wa lambar shiga rumbun intanet inda na ajiye manhajar rabon ruwan ƙungiyarmu. Tun da na canza kwamfuta ban sauke ta ba, sakarci kawai!

Allah ya taimake ni, kwamfutar ba ta fitar da ni ba tukuna. Yanzu ina kwashe komai zuwa filasha. Sabis na rarrafe, babu wuta, batir ya yi ja. 

Matata ta leƙo: "Baban Ummi, ka kwanta mana. Abin da ke intanet ina zai je?"

Na ci gaba da kwashewa. Wayar ma da safe a aljihuna take.