Sandunan Salisu

Talata, bayan isha'i

Salisu abokin aikina za ya tafi taron Maradi, ba ni ba.

Shef, shugabanmu a wurin aiki, ya ce ni da Salisu kowa ya zana girbin garuruwa a ordinatar, wato kwamfuta: kowane gari sanda ɗaya, hatsi a ƙasa, wake a tsakiya, gujiya a bisa. Na zuba launi kamar mai tallan atamfa. Na manta injin bugawa na bironmu, wato ofis, baƙi da fari kaɗai ya sani. Takarda ta fito duk toka-toka.

Shef ya duba, ya ce, "Malam Idi, nan Kornaka, ina wake ya ƙare, ina gujiya ta soma?"

Na fara zuba zance, ya ɗauki ta Salisu. Shi cikin kowane yanki ya sa suna da adadi.

Salisu fa, da ni na koya masa kunna ordinatar! Har da ce mini, "Yaya, danna biyu ne kawai."

Na ce, "Ai na sani."

Ban sani ba. Gobe zan kai masa shayi, in tsaya bayansa ina yabonsa, idona kan yatsunsa.