Laba Ɗari Uku

Tula Bend, Mississippi
Mayu, 1996

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya gwiwa? Yaya Anti Vernell da ɗawainiyarka? Tunda kunnenka ya yi yaji da tarho, sai ka haƙura da mummunan rubutuna.

Baba, na ga yaro. Tunda na fara yawon makarantun sakandare ina nema wa jami'armu 'yan wasan ƙwallon Amurka, ban ga irinsa ba. Sunansa Dontrell Mabry, shekararsa goma sha bakwai. A cikin ƙartai biyar ɗin da ke kare mai jifan ƙwallo, shi ne na ƙarshen hagu, mai gadin bayansa. Kai ka koya min cewa a wannan gurbin ba ƙirji ake kallo ba, ƙafa ake kallo. To ƙafar yaron nan kamar ta mai rawa. Da gwiwa yake durƙusawa, ba da ƙugu ba, ga dogayen hannuwa. Duk wanda ya zagayo a guje zai kai wa mai jifa hari, sai ya tarar Dontrell ya riga shi isa. Nauyinsa laba ɗari biyu da sittin ne kawai, kuma ban damu ba. Nama mu ke sa wa yaro a ɗakin ɗaga ƙarfe, ƙafa kuwa Allah ke bayarwa.

Kakarsa ce ta raine shi, Mama Earline. A masana'antar yankan tarwaɗa take aiki, inda kowa a garin nan yake ƙarewa, yatsunta duk sun lanƙwashe. Dokar ɗaukar 'yan wasa ba ta yarda in zauna da su a wannan watan ba, sai gaisuwa a bakin fili. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai zaɓen? Ai kai ma ba a gama ƙosar da kai ba." Ina cikin dariya ta ɗaure fuska ta ce, "Ɗan nan ba zai riƙe wuƙar kifi ba, ka ji na gaya maka." In bai sami gurbin karatu kyauta ba kuwa, wuƙar ce ke jiransa.

Gurbi ɗaya ya rage mana. Maigidana, babban koci, ya ce in sake ganin yaron a Satumba kafin a yi alkawari. Na roƙi kocin makarantarsu ya bar min shi yadda yake.

Ka riƙa shan maganinka.

Ɗanka,
Wendell

Tula Bend
Satumba, 1996

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Anti Vernell, na sami wasiƙarka. Ka ce kada in yabi ɗan kuturu kafin ya shekara arba'in da yatsa. Bakinka, Baba.

Da yaron ya fito fili ban gane shi ba, sai da na karanta lambar rigarsa. Laba ɗari uku da ashirin da biyar.

Ga yadda aka yi. A shekarun baya wata babbar jami'a ta ɗauki wani yaro daga garin da ke maƙwabtaka da su, jarida ta buga cewa nauyinsa laba ɗari uku. Tun daga nan mutanen nan suka riƙe cewa ɗari uku ce ƙofar jami'a. Da labari ya bazu cewa na zo kallon Dontrell, Fasto ya yi sanarwa a coci, mata suka raba kwanaki a tsakaninsu. Wannan ta soya kaji, waccan ta gasa haƙarƙarin alade, wata burodin masara da wake da man shanu. Duk Asabar a kai shi shagon abincin dabbobi, a ɗora shi kan sikelin buhuna, maza su tafa. Na tare kocinsu a fusace. Ya ce, "Na faɗa musu, Wendell. Kai je ka hana matan coci ɗora tukunya, in zo kallo." Ni dai na ga alamar shi ma abin ya yi masa daɗi, don yanzu yaron faɗa wa ƙananan yara yake yi su baje.

A wasan Juma'a aka haɗa shi da wani siririn yaro mai ɗan karen gudu. Gwiwar ta daina lanƙwasuwa. Kafin ya ɗaga ƙafa an wuce shi, mai jifansu ya sha ƙasa har na daina ƙirgawa. Rabin wasa bai yi ba ya dafa cinyoyi yana haki. Da aka tashi Mama Earline ta kamo hannuna, fuskarta fal murna, ta ce, "Ka gani? Mun cika maka shi, har da gyara."

Na ce mata na gani. Raina ya ɓaci, amma na rasa wanda zan yi fushi da shi. Gobe dole in kai wa maigida kaset ɗin wasan.

Ɗanka,
Wendell

Tula Bend
Disamba, 1996

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka, ina fata sanyin nan bai tayar maka da gwiwa ba. Ka gaida Anti Vernell.

Maigida bai kalli kaset ɗin har ƙarshe ba. Na nuna masa na Mayu, na roƙe shi ya ba ni shekara ɗaya in sauke naman. Ya ce shi ma ba a ba shi shekara ɗaya ba, ya ba wani yaron Georgia gurbin. Na bi ƙananan kwalejoji ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya fara sauraro, da ya ji gwiwar yaron ta hagu ta fara kumbura, sai ya ce zai neme ni.

Jiya na je gidansu, don ba labarin da za a faɗa ta tarho ba ne. Na ja Dontrell waje, muka zauna a dakalin ƙofa. Ban gama kame-kame ba ya ce, "Na sani, Koci. Tun Yuli ƙafata ta daina jin maganata." Na ce to me ya hana ka ture kwanon? Ya ce, "Sista Odessa ta cocinmu, kajin da take sayar da ƙwansu ta yanka min. In ce mata na ƙoshi?" Sai ya roƙe ni abu ɗaya, kada kakarsa ta san abincin ne. "Ka ce mata tsayina ne bai kai ba."

Muka shiga. Mama Earline ta cika tebur don zuwana. Da ta ga fuskata ta ajiye ludayi ta ce, "Laba nawa ya rage, ɗana? Faɗa min, mu ƙara."

Baba, ka hana ni yi wa iyayen yara ƙarya, amma na yi. Na ce ba nauyi ba ne, Mama, tsayi ne, inci biyu ya rage. Ta zauna a hankali, ta dubi yatsunta, ta ce, "Tsayi kam ba a dafa shi a tukunya." Daga nan ta ce ta san mai ɗaukar aiki a masana'anta, za ta yi masa magana kafin Dontrell ya gama sakandare a Yuni, ko a sa yaron wajen ɗaukar kaya, tunda ga jiki.

Ta ƙunsa maka kaza da burodin masara, ta ce a kai wa tsoho. Suna bayan mota, zan kawo maka ran Lahadi. Ni na kasa ci.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Wendell