Sunaye Goma Sha Huɗu a Takarda Ɗaya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Maigida da yara gaba ɗaya. Allah ya ba ki sauƙin gwiwar nan da kike kuka da ita, ya sa hawan benen naku ya zame miki motsa jiki, ba azaba ba. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta. Idon ne dai ya ƙara rauni, amma kunnen kam, ko cokali ya faɗi a ɗakin baya sai ta tambayi wanda ya yar. Kasuwa ga ta nan, yau a yi ciniki, gobe a yi hira. An gyara mini rufin shagon da ke yoyo, yanzu ruwan ya koma zuba a shagon maƙwabcina, ni kuwa na yi masa jaje har sau biyu.

Na san za ki ce me ya kai ni rubuta takarda a zamanin waya. Yaya, a waya ba na iyawa da ke. Da na kama hanyar magana sai ki ce layi ba kyau, ko kuma tukunya na ƙonewa. Shi ya sa na naɗe wannan a tsakiyar turmin atamfar da na aiko miki, na ɗaure da hannuna. Wanda ya miƙo miki ƙullin kuwa, Baba Ƙarami ɗan marigayi ƙaninmu, bai san abin da ya ɗauko ba. In yana gabanki yanzu, ki ba shi wuri ya zauna. Maganar tasa ce, kuma taki ce.

Jibi 'yata Auta za ta tashi zagayen waƙarta, ƙasashe biyar cikin mako shida, taku ce ta uku. Kafin ki karanta wannan sun riga sun gama da biyu. Ke kina ganinta a waya cikin fitilu, ana ihu ana kiran sunanta, ni kuwa na san inda aka faro. A bayan shagona ta soma, tana zaune kan ƙullin yadi tana rera waƙa a wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Babu irin maganar da ban haɗiye ba a layinmu. Matan da suke cewa na saki 'ya ta zama 'yar nanaye, yau su ne ke zuwa da 'ya'yansu a ɗauke su hoto da ita, ni kuma in yi murmushi in ƙara musu farashi. Da aka zo zaɓen waɗanda za su yi tafiyar, akwai wani makaɗi da Auta ta fi so, kuma tsakani da Allah ya fi namu Baba Ƙarami hannu a ganga. Ni na tsaya kai da fata. Na ce ɗan'uwanta ne, maraya ne, a ɗaki ɗaya suka tashi, ba za ta hau jirgi ta bar shi yana kaɗa wa 'yan biki ba. Kwana uku ba ta ci abincina ba. A na huɗu ta ce ta yarda, amma in sani saboda ni ta yarda, duk abin da ya biyo baya a wuyana yake.

Mako biyu da suka wuce Manajanta ya tara mu, iyaye da matan 'yan ƙungiyar, a ɗakin da suke gwaji. Ɗaki ne mara taga, an lulluɓe bangon da katifu, wayoyi ko'ina a ƙasa kamar za su harɗe mutum. Ya ɗaga wata takarda ya ce mu dube ta da kyau. Sunaye goma sha huɗu ne a jere, izini ɗaya aka ba su gaba ɗaya, kuma a kowace tashar jirgi sai an ƙirga. Ya ce ranar da aka ƙirga aka ga goma sha uku, ranar tafiya ta ƙare. Sauran ƙasashen za su rufe ƙofa, masu shirya wasan za su janye, sunan Auta kuma zai shiga littafin da ba a cika fita daga cikinsa ba. Ya ba mu labarin wani mawaƙi da mai jitarsa ya yi layar zana a irin wannan tafiya, ya ce shekara bakwai ke nan ko bakin iyaka bai sake kaiwa ba. Kowa ya ce Allah ya kiyaye. Baba Ƙarami ma ya ce amin, muryarsa ta fi ta kowa tashi.

To, Yaya, wanda zai yi abin ɓoye, ina ruwansa da kasuwar da uwar riƙonsa ta shekara talatin a cikinta? Bayan kwana biyar da taron nan, da hantsi, ina shimfiɗa kaya sai ga Mai Gwanjo na layin baya ya zo yana dariya. Ya ce ashe ɗana ƙanƙara zai je kaɗa wa ganga. Na ce ban gane ba. Ya ce ai jiya ya sayar masa da rigar sanyi irin mai nauyin nan, mai gashi a wuya, wadda ta shekara biyu a rataye ba wanda ya taya, har da safar hannu da takalmi mai tsawo. Na yi dariya ni ma, sannan na juya na dubi bango. Jadawalin tafiyar yana manne a bangon shagona. Cikin zafi za su je, cikin zafi za su dawo, sanyinku kuwa sai bayan wata huɗu. Na ja wa mutumin kujera, na aika aka kawo masa shayi, na bar shi ya yi ta zuba. Ya ce yaron ma bai san irin rigar da yake nema ba, sai da ya kunna masa saƙon murya a waya, wata mata tana bayani dalla-dalla, a duba ciki a ga yana da auduga, kada a sayi mai zif ɗin roba. Ya ce matar ta iya ba da umarni, kowace magana sai ta rufe da cewa shi dai ya ji abin da ta ce. Har kwaikwayonki ya yi, da ɗaga murya da komai, bai san yayata yake yi mini a gaba ba. Shekara hamsin ina jin wannan kalma, Yaya. Da ita kike aikena ɗebo ruwa.

Duk da haka ban yanke hukunci ba, sai da na auna. Na leƙa wajen mai hoton takardu kamar gaisuwa ta kai ni, na ji an buga takardun makarantar Baba Ƙarami kowace kwafi uku, har da ta haihuwa. Ganga ba ta tambayar takardar haihuwa. Da rana na kira shi gida na zuba masa abinci, na fito da yadi kala huɗu na ce ya zaɓi wanda za a ɗinka masa na walimar dawowarsu. Kin san shi da tsirfa, yaron da zai yi awa guda yana musu a kan maɓalli. Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce kowanne ma ya yi. Sai ya tambaye ni ko ina shan maganin hawan jinina a kan lokaci, ya ce in riƙa barin yaran shago suna ɗaga kaya masu nauyi. Ya wanke kwanonsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Na zauna ina kallon bayansa, sallama yake yi mini, bai san na gane ba.

Ba na ce muguwar niyya gare ki ba. Na san abin da ke cinki. Ƙaninmu ya rasu kina nesa, ba ki samu zuwa ba, kuma tun daga ranar kike neman abin da za ki yi wa ɗansa ki samu sauƙi a ranki. Na kuma san ɗakin ɗanki Babban Yaya ya zama fanko tun da ya yi aure, kuma Maigida yana neman hannu a garejinsa. Lissafinki ya fita, sai dai ba ki sa 'yata a ciki ba. Kin aiko masa da takalma tun yana shekara bakwai, Allah ya saka, amma ni na wanke ƙafar da ta sa su. Ni ma ina so ya samu. Ina ganin yadda yake komawa gida da sandunan kiɗa a aljihu, sa'anninsa suna wuce shi a mota. Amma ba a kan wuyan Auta ba, ba kuma a kan mutum goma sha biyu da kowannensu ya bar iyali suna jira ba.

Yanzu ga nawa laifin, don kada ki ce na wanke kaina. Kwana tara ke nan da na sani, kuma ban faɗa wa kowa ba. Kalma ɗaya zan yi wa Manaja a cire shi, wancan makaɗin yana nan fasfonsa a hannu. Sau biyu ina zuwa har ƙofar ɗakin gwajin. Na farko na tarar suna tsakiyar waƙa, Auta ta juya tana yi masa alama da kai, yana amsa mata da ganga, suna dariya kamar lokacin da suke yara. Na ajiye musu ruwan sanyi na juyo. Na biyu ko shiga ban yi ba. In na tona shi a nan, ya gama kiɗa a garin nan har abada, kuma shi da 'yar'uwarsa sun rabu ke nan. Sai na zaɓi in yi shiru in bar shi ya hau jirgin. Ni da ban taɓa sayen kaya ban buɗe ƙulli ba, yau na ɗauki wahalar 'yata ta shekara goma sha ɗaya na ɗora a kan zuciyarki, ban san abin da zan tarar ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki ba shi takardar nan ya karanta da idonsa. Ki ciyar da shi, ki yi kukanki, sannan Maigida ya sa shi a mota ya mayar da shi masauki kafin gwajin ƙarfe huɗu. Ya kaɗa a ƙasarku, ya kaɗa a ta huɗu da ta biyar, ya dawo a buga masa hatimin dawowa. Bayan nan ki aiko masa da gayyata ta hanyar da ta dace. Ni da kaina zan rufe shago in bi layi da shi, ko sau nawa ne, kuma wanda ya fita ƙasa biyar ya dawo ba a cika hana shi ta shida ba. Kai kuma Baba Ƙarami, in kai ne ke riƙe da takardar yanzu, ban yi fushi ba tukuna.

In kuwa kin ga ba haka ba, ba ni da ɗan sandan da zan aiko miki. Ranar da aka ƙirga aka ga goma sha uku, ni zan kira Auta in gaya mata cewa na sani tun kafin su tashi. Abin da za ta yi da ni bayan nan, ni da ita ne. Sai dai ki san wani abu da ta ce kada in faɗa miki, don so take ta ba ki mamaki. Ta ware muku kujeru biyar a layin gaba, ta sa an rubuta sunanki a ta tsakiya, kuma ta yi niyyar tsayar da kiɗa ta nuna wa jama'a babbar uwarta. Ki je ki zauna a kujerar, Yaya. Ki dube ta da kyau, ki dubi wanda ke zaune a bayanta da sanduna, sannan ki yi abin da za ki iya.

Ki gaishe mini da Maigida, da Babban Yaya da amaryarsa, da Tagwaye, da Gimbiya mai ƙin cin abinci. Inna tana gaishe ki, tana tambaya ko har yanzu kina da taurin kai, na ce mata za mu ji nan da mako uku. Kawu Mai Agogo da Goggon Yara duk suna miƙo gaisuwa.

Allah ya sa mu ji alheri.

Taki har kullum, ko kin so ko kin ƙi,
Ƙanwarki Mai Atamfa