Littafin da Ƙarshensa Ya Yage

Daren Laraba, Dakata, 1983

Bitrus, abokin aikina a masaƙar Bompai, ya biyo ni gida da aka tashi. Wai 'yarsa ta shiga sakandare, wane littafi zai saya mata? Na kira 'yata Binta, tunda ita ce mai karanta sababbin nan na Turanci masu ƙyallin bango. Tun bara na ba ta tsohon littafin labaran da na karanta ina saurayi, ta jefa shi ƙasan akwati. Na ɗauka ta raina shi, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa sababbi biyu. Sai ta ce, "Amma Baba Bitrus, ta fara da na Babanmu. Sai dai ƙarshensa ya yage, ni ma ban san yadda maharbin da ke cikinsa ya ƙare ba."

Ashe ta karanta har inda takarda ta tsaya. Na yi ta gyara hula don kada Bitrus ya ga fuskata.

Ranar Lahadi Binta da 'yar Bitrus za su zauna in ƙarasa musu labarin da baki. Allah ya sa ban manta ba.